DAGA DARKI ZUWA LITUWANIYA, ƘASAR DA SHIRU BA GABA BA NE

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan mata masu mafarkin a ɗaura aure yau, gobe a hau jirgi a yi ƙasar waje. Na san halinmu sarai, da an ce Turai abin da ke faɗo mana a rai shi ne Landan ko Faris, irin dai yadda mu marubuta muke zuba muku a littattafai. To yau wata Turan daban zan kai ku, wadda ko a sakandare ban tuna an taɓa ambata mana sunanta ba. Ita ce Lituwaniya.

Zaman jego ne ya kai ni. Yayana yana karatun likita a birnin Kaunas, matarsa ta yi haihuwar fari, Inna kuwa ta ce ita kam ƙafarta ba ta taka jirgi, don haka aka haɗa ni da ƙullin kuka da kuɓewa da yajin jego aka tura ni a ƙarshen watan Mayu na 2024. Daga Darki zuwa Kano, daga Kano zuwa Abuja, jirgi ya kai mu Istanbul, aka sake wani zuwa Bilniyus babban birninsu, sannan mota ta yi tafiyar kamar kilomita 100 da mu zuwa Kaunas.

Ƙasar tana bakin tekun Baltik ne, tana iyaka da Folan da Latbiya da Belarus da wani yanki na Rasha. A faɗi ta ninka jihar Kano wajen sau uku, amma mutanenta duka ba su cika miliyan uku ba, wato birnin Kano kaɗai ya fi su yawa. Shimfiɗaɗɗiya ce babu duwatsu, sai daji da tafkuna da gonaki kore shar. A Kaunas ne manyan kogunansu biyu, Nemunas da Neris, suke haɗuwa, duk sanda na tsaya bakinsu sai gadar Wudil ta faɗo mini.

Abin da zai fara damun 'yar Darki a can ba sanyi ba ne, shiru ne. Ku dai kun san mu, in mace ta fita daga gidansu za ta gidan ƙawarta, tafiyar minti biyar sai ta zama ta rabin awa. Ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki, a gaida mutan gida. To a can sai ki shiga motar haya cike da mutane ki ji kamar an yi mutuwa. Ba mai kallonki, ba mai yi miki murmushi, maƙwabci ya wuce ki a matakalar bene da kalma biyu kacal, "laba diyena", wato barka da rana, ya yi gaba abinsa. Matar Yaya ta ce watanta na farko kuka ta riƙa yi, a zatonta don baƙar fatarta ne ko don hijabinta. Ba zan ce babu masu irin wannan zuciyar ba, akwai su, na ga harara har sau biyu a kanti. Amma akasari ba haka ba ne, don junansu ma haka suke yi. A wurinsu yi wa wanda ba ki sani ba fara'a ba gaira ba dalili alamar rashin nutsuwa ce, kuma idan suka ce ya kike, to da gaske amsa suke jira.

Wata tsohuwa da ke ƙasan benensu Yaya, wadda muke kira Iya, ita ce ta fahimtar da ni haka ba tare da ta ce komai ba. Sati biyu muna haɗuwa ba ta fi gyaɗa mini kai ba, rannan sai ga ta a ƙofa da 'yar safar jariri da ta saƙa da hannunta, da kwalbar zuma. Ta miƙa, ta juya za ta tafi, sai da Anti ta riƙo hannunta. Daga ranar kuwa ta zama kakar yaro. Mu shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, su kuwa tabarmar suke fara shimfiɗawa, fuskar sai daga baya.

Yaya ya ce shirun nan yana da tarihi. A 1940 Tarayyar Sobiyat ta mamaye su, Jamus ta ƙwace a 1941, Sobiyat ta dawo a 1944 ta zauna daram. A waɗannan shekarun an kwashi mutane fiye da 100,000 a taragun jirgin ƙasa aka kai su Saiberiya, har da mata da jarirai. Mutanen da suka tashi a zamanin da magana ɗaya za ta iya sa a ɗauke gidanku kaf, ai dole su koyi kame baki. A ranar 23 ga Agusta 1989 mutum kusan miliyan biyu suka riƙe hannun juna daga Bilniyus har Talin ta ƙasar Estoniya, layi ɗaya fiye da kilomita 600, don neman 'yanci. A 11 ga Maris 1990 suka ce sun ɓalle, su ne na farko a duk Tarayyar Sobiyat. A Janairun 1991 sojoji suka shigo da tankoki aka kashe mutum 14 a Bilniyus. Saboda haka ki kiyaye, kada ki kuskura ki ce da ɗan ƙasar nan Barashe, ko ki tambaye shi wai yarensu ba Rashanci ba ne. Wannan ya fi zagi ciwo.

Sai ladubban shiga gida, waɗanda Anti ta karanta mini tun kafin Iya ta gayyace mu shan shayi. Ba a zuwa gidan mutum ba sanarwa, kuma in an ce ƙarfe huɗu to huɗun ake nufi, ba bayan la'asar sakaliya ba. Ana cire takalmi a bakin ƙofa kamar mu. Ba a gaisawa hannu da hannu a kan dokin ƙofa, sai an shigo ciki, wai yana kawo saɓani. Ba a zuwa hannu rabbana, a riƙo alewa ko fure, amma furen a ƙirga shi mara, uku ko biyar ko bakwai, domin cika, irin su biyu da huɗu, na kai wa mamaci ne. Babba kuwa ba a ce masa "kai" ko "ke", sai "ku", daidai yadda muke yi wa iyayenmu. Na gode kuma "aciyu" ne, kamar dai mai atishawa. Akwai wani camfin da ya ba ni dariya, wai budurwa ba ta zama a kusurwar tebur, in ta zauna sai ta shekara bakwai ba ta yi aure ba. Ni dai ban yarda da camfi ba, amma da Iya ta ja ni ta matsar da kujerata, ban yi mata musu ba.

Tunda an zo maganar aure, bari in ba ku wadda za ku so. A can sunan mace kaɗai ya isa ya faɗa miki ko tana da miji. In sunan gidansu Kazlauskas ne, 'yarsa budurwa Kazlauskaite ce, matarsa kuwa Kazlauskiene. Kin ga saurayi ba ya buƙatar aiken ƙanwarsa bincike! Sai a 2003 aka yarda mace ta ɗauki gajeren suna da ba ya tona mata asiri, kuma wasu na yi. A bikin gargajiya amarya tana da akwatin katako da take tara kayan saƙa tun tana yarinya, tawul da ɗamara da zannuwa, ranar kai ta ta rarraba wa dangin miji, kamar dai yadda ake duba gara a san 'yar gidan wane ce. Iyaye kuma su tari ango da amarya a ƙofa da burodi da gishiri.

Burodin nan baƙi ne, mai nauyi, mai ɗan tsami, kuma suna girmama shi matuƙa. Tsofaffinsu in ya faɗi ƙasa sai su ɗauka su sumbata. Amma wajen abinci, 'yar uwa, nan ne za ki buɗe ido da kyau, don abincin wani gubar wani. Naman da suka fi ci alade ne. Babban abincinsu, sefelinai, curin dankali ne mai kama da ƙaton ɗanwake da nama a ciki, yawanci na alade, kuma ko kin ce a ba ki mai cuku a ciki, sai a barbaɗa masa soyayyen kitsen alade a sama. Kalmar da za ki haddace kafin kowace ita ce "kiyauliyena", alade ke nan, ki riƙa dubawa a jikin duk abin da za ki saya. Naman sa "yautiyena", kaza "bishtiyena". Abin da na sha ba fargaba shi ne wata miyar sanyi ruwan hoda da suke yi da kindirmo da wani jan tushe mai kama da gwaza, a yanka kokwamba da dafaffen ƙwai. Da farko ido ya ƙi, amma harshen da ya saba da fura da nono bai daɗe ba ya karɓa.

Giya kuwa za a miƙo miki, don a wurinsu karramawa ce. Kada ki ɗaure fuska kamar an zage ki, kada kuma kunya ta sa ki karɓa. Ki ce addinina ya hana, sau ɗaya, a sarari. Abin da na yaba musu shi ne ba sa naci. Haka in namiji ya miƙo hannu, ki dafa ƙirji ki ɗan russuna, ya wadatar. Ana cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka, amma ni a ganina ba kowace wutsiya ce ake ɗaurawa ba.

Kasuwa ma sai kin sake koyo. Mu da muka tashi da kasuwar Darki ranar Alhamis da ta Wudil ranar Juma'a, mun san ciniki hira ce, a taya, a ce albarka, ki yi kamar za ki tafi a kira ki, a ƙarshe ki nemi gyara. Na shiga tsohuwar kasuwar Bilniyus da aka gina a 1906, komai da kuɗinsa a rubuce da yuro, kuɗin da suka koma amfani da shi a 2015. Tumatir a kan sikeli, ba kwando ba kashi, ba tayi ba gyara. Wallahi sai na ji kewar hayaniyarmu.

Ga kuma rana da ba ta son faɗuwa. A watan Yuni yini ya haura awa 17, ana magariba wajen ƙarfe goma na dare, kafin biyar na safe rana ta fito. A Disamba kuwa aka ce yinin wajen awa bakwai ne kawai. Mai sallah sai ta riƙe jadawali, in ta dogara da inuwa ta shiga uku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar Babbar Sallah. Ashe akwai masallaci a tsakiyar Kaunas, fari, da ƙubba da hasumiya, ginin shekarun 1930, kuma ba Larabawa ko 'yan ci-rani suka gina shi ba. Wasu Musulmi ne da ake kira Tatar, waɗanda sarkin ƙasar Bitautas ya zo da su wajen 1397, ya ba su filaye suka zama mayaƙansa. Ku duba fa, ita kanta Lituwaniya sai a 1387 ta karɓi Kiristanci, ita ce ta ƙarshe a Turai da ta bar bautar gargajiya. Wato Musulunci ya fi shekara 600 a ƙasar. Har yau suna da masallatan katako a ƙauyuka uku, ɗaya ma sunan ƙauyen Tatar Arba'in, kusa da Bilniyus. Sobiyat ta rufe na Kaunas ta mai da shi wurin ajiya, ta rushe na Bilniyus a 1968, amma ba su bar addini ba. Yanzu ba su kai mutum 3,000 ba.

Sai dai harshensu ya tafi tun ɗaruruwan shekaru. Ana cewa da yawa cikin mazan farko matan gari suka aura, 'ya'ya suka tashi da yaren uwa. Da abin ya yi nisa sai malamansu suka koma rubuta littattafan addini da yaren Belarus da na Folan amma da haruffan Larabci, ajami dai sak irin namu. Allah sarki, na ga tsofaffinsu a masallaci, in ba don sallama ba ba abin da zai bambanta miki su da sauran 'yan gari.

Masu masaukinsu kuwa da aka zo raba su da nasu harshen, ƙi suka yi. Daga 1864 zuwa 1904 Sarkin Rasha ya hana buga littafi da yaren Lituwaniya a haruffansu na boko. Sai aka riƙa bugawa a ƙetaren iyaka, mutane suna goyo a buhu cikin dare suna shigowa da su, wanda aka kama a ɗaure shi ko a kai shi Saiberiya. Shekara 40 ana haka. A wani lambu a Kaunas akwai mutum-mutumin mai ɗauke da buhun littattafai, kusa da shi kuma na wata uwa zaune tana kaɗi, ɗanta a gefe tana koya masa karatu a ɓoye. Ni da nake rubuta littafi da Hausa ana ce mana 'yan adabin kasuwa, na daɗe tsaye a gaban matar nan.

A daren muka yi ta da Yaya, don na lura tun yanzu da Turanci yake yi wa jaririn wasa, wai don kada ya sha wuya in ya shiga makaranta.

Na ce, "Yaya, in kun dawo Darki da wane baki zai gaida Inna?"

Ya ce, "Ke dai kin cika neman magana, yaron da bai yi arba'in ba?"

Anti ba ta tanka ba, tana ta shafa wa yaro mai. Washegari da sassafe na jiyo ta a ɗaki tana yi masa tawai da Hausa, har da kirarin kakansa. Iya ma da ta hawo ganinsa sai ta sa aka koya mata "sannu", ta yi ta maimaita masa har ya yi barci.