Kwamfuta ta ƙi tashi bayan hadari: daga bango ake fara bincike

A Matamaye, hadarin farkon damina yakan zo ne daidai lokacin da malamin makaranta ya fi buƙatar kwamfutarsa. A watan Yuni ake haɗa makin ƙarshen shekara, ƴan ajin ƙarshe na kwaleji suna shirin BEPC, iyaye kuma suna jiran sakamako. A watan ne kuma gabas kan yi baƙi da la'asar, iska ta taso da jar ƙura, kuran ya ɗauke, tsawa ta biyo baya. Washegari sai ka ji ana cigiyar mai gyara. Da yake na ɗan taɓa harkar, ni ake aiko wa yara a unguwarmu. Abin da na lura da shi kuwa, yawancin kwamfutocin da ake yi wa ta'aziyya ba mutuwa suka yi ba. Abu guda ne ya lalace a kan hanyar wuta, sau da yawa ma mai araha.

Ba sai aradu ta faɗo a kan gidanka za ta yi maka ɓarna ba. In ta sauka a kan wayar lantarki ko kusa da ita, ƙarfin wuta yakan yi tsalle ya wuce volt 220 da kayanmu suka saba da shi, ya biyo waya har cikin ɗaki. Wutar da muke sha a yankin Damagaram da Maraɗi wani kasonta daga Najeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, saboda haka hanyarta doguwa ce, kuma a fili take. Haka nan lokacin da kuran ya dawo bayan ɗaukewa, yakan shigo da ƙarfi. Lokacin da aka yanke wutar Najeriya a watan Agusta 2023, gidaje da yawa suka koma ga hasken rana da injin, to su ma wayoyinsu hanya ce. Wutar da ta yi yawa, abin da ta fara tararwa shi take fara ci: fis, ko regilater, ko caja, ko akwatin wutar da ke cikin babbar kwamfuta.

Shi ya sa nake farawa daga bango. Kafin in taɓa maɓalli, hanci da ido nake sawa. In akwai ƙaurin ƙonewa, ko rufi ya yi yoyo ruwa ya taɓa na'urar, ba a kunnawa. A cire ta daga wuta, a bar ta kwana biyu ko uku ta bushe a inuwa. Ƙurar da iska ta cusa mata in ta haɗu da laima, ita kanta takan haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba.

In babu ƙauri babu laima, sai in gwada wurin jona wutar da fitila ko cajar salula da na san tana aiki. Daga nan in cire doguwar wayar nan mai baki da yawa, in cire regilater, in jona kwamfutar kai tsaye da bango. Sau da dama a nan maganar take ƙarewa. In ƙaramar kwamfuta ce ta hannu, sai in duba ko fitilar cajarta tana ci. A jikin kowace caja an rubuta ƙarfin da take fitarwa, da yawansu volt 19 ne, kuma ba a aron wadda ba ta yi daidai ba. Bayan haka in zare duk abin da ke maƙale da ita, in cire waya, in cire batir in mai ciruwa ne, in danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 don ragowar wutar da ta tsaya a ciki ta fita, sannan in sake jonawa.

Bara wata malama maƙwabciyarmu ta shigo da tata a naɗe cikin zane, makin aji huɗu yana ciki, saura kwana uku a miƙa. Ta ce, "Mushe, shi ke nan, ta ƙone. Da wane ido zan dubi darakta?" Na ce, "Madam, zauna tukuna. Ina yaron nan naki?" Ɗanta mai shekara 13 na sa ya yi binciken, ni ina tambaya kawai: wuta ta zo bango? Ta shiga caja? Ta fito? A tambaya ta uku ya tsaya, ya ce fitilar cajar ba ta ci. Muka aro irinta a wurin wani abokin aiki, allo ya kawo haske. Matar nan ta daɗe tana hamdala, yaron kuwa har yau shi ake kira a layinsu.

Akwai inda nake tsayawa. In fanka tana juyawa amma allo bai kawo ba, nakan gwada wani allon, ko in zare ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira RAM, in goge ƙura, in mayar. Amma akwatin wutar da ke cikin babbar kwamfuta ba na buɗe shi, kuma ina roƙon iyaye kada su bar yaro ya sa masa sukuddireba, domin yana riƙe wuta mai iya kisa ko bayan an cire shi daga bango. Canza shi ake yi gaba ɗaya. In ɓarnar ta kai ga babban faifan da komai ke manne a kai, sai a kai wa masu gyara a Damagaram. Ko a nan ma kada a yanke ƙauna, don a mafi yawan kwamfutoci ma'ajiyar bayanai tana ciruwa, ana iya karanta ta a wata na'urar. Ka faɗa wa mai gyara tun farko cewa kada ya share komai sai da izininka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kashe kwamfuta da maɓalli bai isa ba, sai an zare waya daga bango, har da ta eriya da ta intanet, kuma tun ana ganin hadari a gabas ake yi, ba a tsakiyar tsawa ba. Regilater yana daidaita hawa da saukar wuta na yau da kullum, amma ba ya tare aradu. Ƙarar tsawa tana cin kusan kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3, saboda haka yaro zai iya ƙirgawa tsakanin walƙiya da ƙara ya san nisanta. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a sake jonawa.

Mu malamai kuma, makin ɗalibai amana ce. A kwafe shi a kile duk ƙarshen mako, a tura wani a salula, kada kuma a yar da littafin maki na takarda. A gida, a ɗora wa yaro guda aikin zare wayoyi, kamar yadda ake ɗora wa wani kwashe shanya da shigar da awaki in hadari ya haɗo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da sharrin da ke cikinta.