Haƙorin Dutsen Buza

Wata ranar Litinin, ina shirin fara darasin Faransanci, wani ɗalibina ya ajiye mini haƙori a kan tebur, baƙi, mai tsini, bai kai rabin ɗan yatsa ba. A dutsen bayan garinsu, wajen Buza, ya tsinto shi yana kiwon awaki. Ya ce: "Mushe, na dinozor ne?"

Na so in ce masa e, ganin yadda idonsa ke ƙyalli. Amma haƙorin na kifin teku ne mai cin nama, wanda Faransawa ke kira requin. Duwatsun Adar, tun daga Keita har Buza da Madawa, laka ce ta gindin tekun da ya rufe wannan ƙasa a ƙarshen zamanin dinozor da bayansa. Masu cin naman da yaron ke mafarki an fi samun su a arewa, jihar Agadas. A Gadufawa ne tawagar Paul Sereno ta tono Suchomimus a 1997, dabba mai tsawon mita 11, da baki irin na kada, mai kamun kifi, wadda ta rayu fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce. Afrovenator kuwa, na yankin Ingal, da fari an sa shi cikin Crétacé, sai a 2009 masana suka mai da shi baya zuwa Jurassique. Su ma malaman sukan gyara allonsu.

Ƙasusuwan ba su ba ni wuya ba, lokacin ne ya gagare ni. Yaron ya tambaya ko kafin Agabba ya ci Adar ne. A gare shi nan "dā" ta tsaya, shekaru ɗari uku da ɗoriya. Na ce masa dinozor sun ƙare shekaru miliyan 66 da suka shige, kuma in zai ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, kowace daƙiƙa shekara guda, ba barci ba cin tuwo, sai ya haura shekara biyu yana ƙirga. Ajin ya yi tsit.

Saura sunan zamanin, wanda ban taɓa jin sa da Hausa ba, ni da nake koyar da ita. Sai na dubi abin da ke hannuna. Crétacé daga kalmar Latin mai nufin alli ya fito, wadda ta haifi craie ta Faransanci. Na rubuta "Zamanin Alli" a allo, da allin.

Ya kwafe cikin kayensa, ya naɗe haƙorin a takarda, ya ce zai kai wa kakansa, wanda bai taɓa ganin teku ba.