Kwana Uku a Kan Kwara

Mu tara ne 'yan Sikawut, da wani tsoho Basarke mai jirgi. Daga ƙasar Bagudo muka shiga Kogin Kwara, muka nufi Lolo, bakin iyakar Benin. Tsohon ya ɗinka buhuna ya ɗaura bisa gora, iska tana tura mu, ga gonakin shinkafa dama da hagu.

Rana ta biyu iska ta tsaya, ruwa ya soma mai da mu baya, ga dorina kusa. Gardama ta tashi. Tsohon ya ce, "'Ya'yana, filafili ɗaya ba ya hawan Kwara." Sai kowa ya kama nasa, ƙaraminmu yana kwarfe ruwa da ƙwarya.

Da magariba ran kwana na uku muka sauka Lolo, hannuwa duk bororo, muna ta godiya ga Allah.