Kafin a Sayo Gado, a Nemi Mai Awo

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwanta ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, manomin wannan yanki ya daina zaman jiran damina. Yana noma shinkafa, da rani ya saka tumatir ko alkama ko albasa, wani ma ya maimaita shinkafar. Kowa na maganar buhu nawa aka samu a kadada, da nawa kwandon tumatir ya kai a Kwanar Gafan. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda kuɗin ke sauka bayan an sayar. Wanda ya san gidajenmu ya san cewa bayan taki da biyan bashi, babu abin da ke cin kuɗin magidanci mai 'ya'ya mata kamar kayan ɗaki. Uba ne ke yin gado da katifa da kujeru, uwa kuma ta shekara da shekaru tana zubin adashe tana tara kwanuka da tukwane. A ganina wannan dukiya ana kashe ta ne ba tare da shawarar wanda ya san aikin ba, kuma a nan wata sana'a take kwance tana jiran matasan yankin, mata da maza: tsara ɗaki da ƙawata shi.

A duba yadda abin ke gudana. Amarya ta ga hoto a TikTok ko Instagram, ta tura wa yayarta, yayar ta nuna wa kafinta, kafinta ya ce an gama. Hoton nan kuwa a wani falo na Santambul ko Dubai aka ɗauke shi, mai faɗi, mai na'urar sanyaya ɗaki da ba ta mutuwa dare da rana. Ɗakin da ango ya gina ƙafa 12 ne a kan 12, rufin kwano, taga ɗaya. Ranar jere a sauke gado mai ƙafa 6 a kan 6, da sif mai ƙofa huɗu, da madubi da durowarsa, a tsaya ana kallon juna. Ƙarshenta sif ya tokare tagar, ƙofa ta daina buɗuwa gaba ɗaya, wurin shimfiɗa sallaya ma sai an karkata. A rataya labule mai kauri ninki biyu, a malala kafet bango zuwa bango, a yi guɗa, a ɗauki hoto. Watan Afrilu na kamawa zafi ya kai digiri 40, sai ka tarar amarya ta fito da tabarma tsakar gida, ɗakin ya koma wurin ajiya. Da hunturu ƙura ta shige kafet da labule ta yi zamanta. Da damina, a yankin da ruwa ke kwance a gonaki wata da watanni, danshi ya biyo bango, fenti ya ɓare, gindin sif ɗin da aka yi da allon garin katako ya kumbura ya fara zubewa. Ga sauro, wanda duk maƙwabcin gonar shinkafa ya san halinsa, amma gadon da aka yi wa ado kamar karagar sarki ba shi da inda za a ɗaura gidan sauro.

Rashin awo da rashin tambaya ne suka jawo duk wannan, domin kuɗi dai an kashe su. Aikin mai tsara ɗaki yana farawa tun kafin a zaɓi launi. Za ta je da tef ɗinta ta auna bango da ƙofa da taga, ta ga ta ina rana ke bugowa da yamma. Za ta tambaya ko akwai wuta ko sola, ko amaryar na ɗinki ko turara shinkafa ko wata sana'a da ke neman wurin ajiya, ko gidan na yawan baƙi. Daga nan ta zana ɗakin a takarda, ta rubuta kuɗin kowane abu, ta zauna da kafinta. Ta ce masa ya ɗaga sif a kan ƙafafu ya bar tazara tsakaninsa da bango, ya sa katako na gaske a inda zai taɓa ƙasa, ya fitar da sanduna huɗu a jikin gadon yadda gidan sauro zai zama cikin adon. Ta zaɓi labulen auduga marar nauyi da za a iya wankewa a baho, ta sa leda ko tayil da ƙaramar darduma a madadin kafet. Kujera shida da aka saba saye, ta ce uku sun isa, ragowar kuɗin a sa fanka mai sola.

To ina salo, ina abin da zai bambanta aikin 'yar Kura da na kowa? A nan ne abin ke ba ni takaici, domin garuruwan da suka kai Kura gadon sanin launi a ƙasar Hausa ba su da yawa. Turkuɗin da Buzaye da Abzinawa ke naɗawa, wanda ake kira ɗan Kura, sunan garin nan yake ɗauke da shi har Agadas da cikin Sahara. Siraran ƙyallaye ake saƙawa, a ɗinke su, a tsoma a karofi a sake tsomawa, sannan mabuga su buge shi da garin shuni har ya riƙa ƙyalli. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, saƙa da rini ne suka fi ɗaukar hankalinsa cikin arzikin ƙasar, ya kuma rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Rinin ma bai tsaya a tufa ba. Katsin da ke taruwa a gindin rijiyar rini shi magina ke haɗawa da gashin jima da dafara su yi laso, su shafe soro ruwa ya kasa ratsa shi, kamar yadda suke dafa makuba daga kwasfar ɗorawa su shafe bango. Marini na taimakon magini, majemi na taimakon su duka biyu. Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano ya ɗaga kai ya kalli ɗaurin guga da jerin azara, ko ya ga bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, zai gane cewa mutanen nan sun san yadda ake sa ɗaki ya yi sanyi ya kuma yi kwarjini. Matashin da ke neman salon kansa yana da wannan duka a ƙofar gida, kyauta.

Na san abin da za a ce: so ake mu koma zamanin da? Turkuɗi zuba yake, duk wanda ya jingina da shi zai tashi da shuɗin jiki, ginin ƙasa kuma ba ya jure danshin yankin noman rani, sannan babu amaryar da za ta yarda ƙawayenta su ce an yi mata ɗakin kakarta. Akwai gaskiya a nan, kuma mai wannan sana'a da ya raina wannan magana ba zai daɗe a kasuwa ba. Amma ba wanda ya ce a yi zanen gado da turkuɗi. Ana iya sa yanki ɗaya a firam bayan gilashi ya zama shi ne adon bangon, a yi rigunan matashin kujera da saƙi ko rinin da ba ya zuba, a fitar da dagi ko zayyanar bango a jikin silin maimakon furannin da kowane mai aikin filasta ke kwafowa. A Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018, kuma duniya ta yaba. Tun kafin su, maginin gargajiya Falke Barmou ya samu lambar Aga Khan a 1986 saboda masallacin Yaama a jihar Tawa. A 2022 Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gine-gine, kuma da makarantar firamare ta bulon ƙasa a ƙauyensu Gando ya fara suna. Ba wanda ya kira waɗannan mutane 'yan ƙauye. Jeren ma ai bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Daga ƙorai da akussa aka koma tasoshi, daga nan kwalla da fanteka da langa da ake jerawa har kusa da rufi, sai kabet na tangaran, yau kuma kicin guda ake shiryawa. Matan Hausawa sun daɗe suna karɓar sabo suna tsara shi yadda ya dace da su. Abin da ya sauya shi ne yanzu hoton waya ne ke yin zaɓin.

Magana ta biyu ta fi ƙarfi: manomi ba zai biya kuɗin shawara ba, abin da zai iya taɓawa kawai yake saye. Amma ai yana biyan dillali, yana biyan mai awon gona, a birni kuma tuni ake biyan masu jere ladan aikinsu. Uban da ya sake sayen sif bayan shekara biyu ya riga ya biya kuɗin shawarar da bai nema ba, har da riba. Abin da zai sa ya yarda shi ne lissafi a rubuce: ga abin da kuka yi niyyar kashewa, ga abin da zan kashe, ga ladana a fili. Wurin da sana'ar za ta iya lalacewa tun ba ta tsaya da ƙafarta ba shi ne kamasho. Idan mai tsara ɗaki ta fara karɓar na goro a ɓoye daga mai kanti don ta tura masa ciniki, za ta riƙa cusa wa mutane kayan da ba sa bukata, kuma a gari irin Kura ko Bunkure magana ba ta kwana. Ta yanke ladanta tun farko, ta kawo rasit. Kano kuwa kimanin kilomita 30 ce daga Kura: yadi a Kantin Kwari, kayan gini a Ƙofar Ruwa, kayan hannu a kasuwar Kurmi, a je a dawo kafin la'asar.

Saura iyaye masu cewa wannan ba sana'ar da za a dogara da ita ba ce. Gaskiya ne cinikin zai bi kaka, ya yi yawa bayan girbi da gabanin azumi, ya ja baya lokacin da kowa ya zuba kuɗinsa a taki. Shi ya sa bai kamata a tsaya a ɗakin amare ba, ga shagunan ɗinki da kemis da gidajen abinci na bakin titin Kano zuwa Zariya, duk suna son a gyara su. Mai son karatu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da sashen zanen gine-gine da na zanen kayan masana'antu inda ake koyar da saƙa da rini da tangaran. Wanda bai samu wannan ba, zama a shagon kafinta da na tela zai koya masa katako da yadi fiye da kallon bidiyo dubu. 'Ya mace ma tana da damar da namiji ba shi da ita, domin ita ke shiga gidan da aka rubuta ba a shiga, ita uwar amarya za ta gaya wa ainihin abin da ke hannunta.

Don haka iyayen da ke shirin aurar da 'ya a kakar bana, don Allah kafin ku ba kafinta kafin alƙalami, ku nemi yarinya ko yaron unguwarku mai ido da tef, ku tura shi ya auno ɗakin ya zana muku a takarda, ku biya shi ladansa. Ku kuma matasan Kura da Bunkure da ke tara hotunan ɗakunan Turkiyya a waya, ku je ku zauna da marina da mabugan da suka rage ku yi musu tambayoyi tun suna raye.