Yawon Yini Ɗaya Daga Legas: Badagiri, Epe Ko Tarkwa Bay?

Ƙannenmu ɗalibai, da yawanku kan je hutu Legas wurin 'yan uwa a Agege, Idi-Araba ko Alaba Rago, su kuma dawo gida ba su taɓa ganin teku da idonsu ba. Wasunmu ma a can aka haife su, amma iyakarsu makaranta da kasuwa. Alhali yini ɗaya na ƙarshen mako ya isa a je bakin ruwa a dawo. Matsalar ita ce yinin ɗaya ne, kuɗin ɗalibi kuma ba yawa, don haka in aka zaɓi wurin da bai dace ba, a cikin cunkoson motoci ranar za ta ƙare. Ga wurare uku da muka auna muku.

Na farko shi ne Badagiri, wanda ke yamma da Legas, dab da iyakar Seme da Jamhuriyar Benin. Ana shiga mota daga Mile 2, a wuce Ojo da Okokomaiko da Agbara. Tafiyar na iya cin awa biyu ko fiye, gwargwadon cunkoso. Garin yana cikin tashoshin da aka riƙa lodin bayi zuwa ƙetare. Akwai gidan tarihi a ginin da Turawa suka yi a 1863, da benen da mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya. Akwai kuma gidan Seriki Williams Abass mai ɗakuna 40, inda ake tsare bayi kafin jirgi ya iso. Shi kansa mai gidan an taɓa bautar da shi, daga baya ya zama dillalin bayi. Daga gaɓar garin ana ƙetarawa a kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, sannan a taka da ƙafa cikin rairayi har bakin Tekun Atlantika, wurin da ake cewa wanda ya kai nan ba ya komawa gida.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Cikin waɗanda aka kwashe daga wannan gaɓar teku zuwa Bahia ta ƙasar Birazil har da Hausawa, kuma wasunsu sun shiga boren da bayi Musulmi suka yi a birnin Salvador cikin watan azumi a 1835. Haka kuma daga Badagiri ne Bature Hugh Clapperton ya kama hanya a 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma rasu a Sakkwato a 1827. Duk ɗalibin da ke karanta tarihi zai ga darasinsa a fili a nan.

Na biyu shi ne Epe, can gabas. A sani tun daga gida cewa Epe ba a bakin teku take ba, a bakin tafkin Lekki take, don haka mai son ganin manyan igiyoyin ruwa ba nan ne wurinsa ba. Abin da Epe ta yi suna a kai shi ne kifi. Kasuwarta ta kifi tana bakin ruwa, mata ne ke riƙe da cinikin, kuma da safe ake samun kifin da masunta suka sauke da ransa. Ta fuskar tarihi, nan ne Kosoko, sarkin Legas, ya yi hijira bayan jiragen yaƙin Ingila sun yi wa garinsa ruwan wuta a 1851. Har yau ana tuna zuwansa da bikin Kayo-Kayo a farkon shekarar Musulunci. Wanda ya bi ta hanyar Lekki yana iya ratsewa bakin tekun Eleko, a yankin Ibeju-Lekki inda matatar man Ɗangote take. Sai dai haɗa wurare biyun a yini ɗaya yana buƙatar motar da kuka yi shata.

Na uku shi ne Tarkwa Bay, wanda ya fi sauran kusa. Ba a zuwa sai ta jirgin ruwa, daga wajen CMS ko Victoria Island, kuma tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Dogon shingen duwatsun da aka yi don kare mashigar tashar jiragen ruwa ya sa ruwan wurin ya fi na sauran gaɓar Legas kwanciya, ga manyan jirage suna wucewa gabanku za su Apapa. Ba gari ba ne mai gidajen tarihi, wurin hutawa ne kawai. A Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna tsibirin da yawa, abin da ya kamata mai ziyara ya sani.

To, wanne za a zaɓa? In ƙungiyar makaranta ce mai son ƙaruwa, Badagiri muke ba ku shawara, domin nan ne kaɗai za ku haɗa tarihi da teku a tafiya ɗaya. In da ƙananan yara a cikinku, ko lokacin bai fi rabin yini ba, Tarkwa Bay ta fi. In kuwa Umma ce ke son a dawo mata da tsarabar kifi, sai Epe.

Ko ina kuka nufa, ku yi sammako bayan sallar asuba. Hanya ta fi sauƙi ranar Lahadi da safe, Asabar kuwa bukukuwa ne ke cika titi. Daga Nuwamba zuwa Maris ya fi dacewa, don watan Yuni ruwan sama ba ya ɗagawa. Ku riƙe katin makaranta, saboda hanyar Badagiri tana da shingayen jami'an tsaro. Ku ware kuɗin dawowa a aljihu daban, ku kuma tambayi kuɗin shiga da na jirgi kafin ku taka. Kada ku tafi sai da izinin iyaye da rakiyar malami ko wani babba.

Abu mafi muhimmanci shi ne ruwan kansa. Iya iyo a kududdufi ko rafi ba shi ne iya teku ba. Gaɓar Legas tana da igiya mai jan mutum ciki, ko da ruwan iya ƙugu yake. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo ta gefe, ya ɗaga hannu neman taimako. Kada ku shiga jirgin da ya cika maƙil, kada ku zauna ba rigar kariya, ku kuma baro bakin ruwa kafin magariba. Gani ya kori ji, amma sai wanda ya dawo lafiya ne ke ba da labari a aji ranar Litinin.