Hayaƙin Kanada Da Karatuna

Kuna ta tambayar abin da nake karantawa a nan, to hayaƙi nake bi.

A watan Yuni na 2023 gobara ta ci dazuzzukan Quebec a Kanada. Ranar 7 ga wata hayaƙinta ya mai da samaniyar New York jajawur, kafin wata ya ƙare ya tsallake teku har Sifen. Taurarin ɗan adam na NASA, Terra da Aqua, sun riƙa ɗaukar hotonsa kullum. Aikinmu mu haɗa irin waɗannan hotuna da tafiyar iska, mu gano inda hayaƙi zai sauka gobe, don masu asma su zauna a ɗaki.

Da su aka bi sawun hazon hunturu da ke zo muku daga Bodele ta Chadi. Shi ya sa tarin Baba ba ya barin raina.

A gaida Inna, a sa ni a addu'a.