Takardar Yanka da Idon Mai Ɗinki

A ƙasar Hausa, yankan tufafi ilimi ne da ya daɗe yana zaune a hannu da ido. Yaro kan shafe shekaru a shagon maigidansa yana ɗaura maɓalli, yana guga, yana kalmasa, kafin a yarda ya ɗora almakashi a kan atamfar mutane. Tela yakan auna mutum da tef, ya rubuta 'yan lambobi a littafi, ya ja layi da alli, ya yanka. Abin da ya sani game da zurfin hammata ko gangarowar kafaɗa ba ya cikin littafin. Wannan ne ya sa mata da yawa masu keken ɗinki a ɗaka suka tsaya ga zane da siket da gyaran kayan yara, in biki ya taso kuwa sai su koma ga tela, su jira alƙawarinsa.

A Amurka da Turai an daɗe da sauke wannan ilimi a kan takarda. A 1863 wani tela mai suna Ebenezer Butterick ya fara sayar da takardun yanka masu girma daban-daban a jihar Masacusets, wato zanen kowane ɓangare na riga da za a shimfiɗa a kan yadi a bi gefensa da almakashi. A Jamus, Aenne Burda ta fara mujallarta ta ɗinki a 1950, daga 1952 kuma aka riƙa saka irin waɗannan takardu a cikinta. A yau ana sauko da su ta intanet, a buga a kan farar takarda, a manna shafukan da gam.

Ta wannan hanya ce takardar ta iso hannun wata malamar firamare a Zariya, ana saura mako uku bikin ƙanwarta. An fitar da anko, turmi ɗaya ga kowace mace, wato yadi 6, kuma nata ba shi da na biyu, domin albashi bai bar wurin sayen wani ba. Telan unguwa ya riga ya cika da aiki. Ta san idan almakashi ya yi kuskure, za ta zauna cikin dangi da tsohuwar riga a ranar da kowa ke duban yayar amarya.

Aikin ya fara da abin da ba ɗinki ba. Ta auna ɗan murabba'in gwaji da ke shafin farko don ta tabbatar injin bugawa bai rage girman zanen ba, saboda ragin da ido ba ya gani a shafi ɗaya yakan zama matsi a ƙirji. Ta duba ko an bar rarar ɗinki a gefen layi. Takardun Amurka kan bar kimanin santimita 1.5, na mujallar Burda kuwa mai ɗinki ce ke ƙarawa da kanta. Ta lura da doguwar kibiyar da ke kan kowane ɓangare, wadda dole ta tafi daidai da bakin yadi, in ba haka ba rigar ta karkace bayan wanki. Sannan ta yanka komai a kan akoko mai araha, ta haɗa da manyan ɗinkin hannu, ta saka.

A nan takardar ta nuna iyakarta. An zana ta ne don macen da tsawonta ya kai santimita 168, mai zuwa liyafar da ake barin wuya da damatsa a buɗe. Malamar ba ta kai wannan tsawo ba, ƙugun rigar ya sauka ƙasa da nata, wuyan kuma ba na zama gaban surukai ba ne. Mahaifiyarta, wadda ta yi shekaru tana ɗinkin hula kuma ba ta taɓa riƙe takardar yanka ba, ta zagaya ta sau biyu. Da yake 'yar fari ce, ba ta kama sunanta.

"Ke wannan, ɗaga hannunki. Kin ga nan? Ba za ki iya miƙa wa baƙi kwano ba."

"Inna, haka takardar ta ce."

"Mai takardar bai gan ki ba."

Tsohuwar ta tsunkule akokon a baya, ta soka fil, ta ce a ɗaga wuya da faɗin yatsu uku. Malamar ta auna yatsun da tef, ta mayar da su lamba, ta gyara layin. Ta naɗe takardar a kan layin ragewa don ƙugu ya hau, ta tsawaita hannu zuwa wuyan hannu, ta ƙara faɗin ƙasa yadda za ta iya durƙusawa ta gai da manya. Ita ma atamfar ta kawo nata sharaɗi: furanninta suna fuskantar gefe ɗaya, don haka ba a juya wani ɓangare kai ƙasa domin tattalin yadi, kuma dole a ware ɗankwali kafin a fara yanka. Sannu ba ta hana zuwa. Dare tara ta yi a kan kekenta samfurin Butterfly bayan yara sun yi barci, ta gama saka zif ana gobe kamu.

Rigar ta zauna mata, ta yi hidimar biki a cikinta tun hantsi har dare. Takardar kuma ba ta koma yadda ta zo ba. Gefenta ya cika da rubutun biro: "ƙara wuya", "sassauta hammata", "a bar kalmasa mai faɗi", "yatsun Inna uku". Maƙwabciya ta are ta, ta ƙara nata sharhin da jan biro, ta miƙa wa wata. Mai nazarin Hausa da ya saba da sharhin da malamai ke yi a gefen littattafan hannu zai gane wannan ɗabi'a. A irin waɗannan takardu da ke yawo tsakanin gidaje, kalmomin yanka da awo da a da ake jin su a bakin tela kawai sun fara samun rubutu, kuma mata ne ke rubuta su.